Jawabi Ga Masu Zane Da 'Yan Kasuwarmu: Zanen Na'ura Na Wane Ne?



Da can, in mutum yana son allon shago ko tambarin kayansa, sai ya nemi mai fenti da buroshi. Daga baya kwamfuta ta zo. Yau kuma ga abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira: ka rubuta wa manhaja irin su Midjourney abin da kake so, kafin ƙiftawa da bismilla ta fito maka da hoto. Matasanmu masu aikin katin biki da fasta da kalanda sun san ta sarai. To, tambayar ita ce, wannan hoton na wane ne?

Ita manhajar nan ba daga sama take samo gwaninta ba. Miliyoyin hotunan mutane aka ɗura mata daga intanet. Shi ya sa a 2023 kamfanin Getty Images ya maka kamfanin Stability AI a kotu a Ingila, yana zargin an kwashi hotunansa ba izini. A 2023 ɗin kuma, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce hotunan wani littafi da aka yi da Midjourney ba su da kariya, don ba hannun ɗan Adam ya zana su ba.

Mu dawo gida. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta maye gurbin ta 1988, tana kare zanen da mutum ya yi wa wahala har ya zama nasa na kansa, tsawon ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Amma ba ta ambaci zanen na'ura ba. Ke nan, Hajiya mai turaren wuta, in na'ura ce kaɗai ta yi miki tambari, gobe wata ta manna irinsa a kwalbarta, zai yi wuya ki ce naki ne. Hausawa dai sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, ku masu zane, ku riƙe na'urar a matsayin yaron shago: ku sa hannunku, ku gyara, ku adana zanen farko don shaida, ku kuma gaya wa mai aiki gaskiya. Ku 'yan kasuwa, biyan kuɗi kawai ba ya mallaka muku zane. Doka ta ce sai an miƙa haƙƙin a rubuce. Wanda kasuwarsa ta kankama, ya yi wa tambarinsa rajista a ofishin rajistar tambarin kasuwanci da ke Abuja.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya raba mu da cin haƙƙin wani.