Ƙuri'ar Gida Da Abokin Ƙetare: Jawabi A Taron Ƙungiya Na Wata-Wata

 

Yawancinmu nan ba ma rabuwa da rediyo. Kullum muna jin ana cewa Amurka da ƙasashen Turai aminan juna ne, tekun Atlantika ne kawai ya raba su, ga kuma ƙungiyar tsaro ta NATO da ta haɗa su tun 1949. To amma sai ka wayi gari ka ji suna cacar baki kamar kishiyoyi. Abin da muke so mu duba yau shi ne inda irin wannan rigima take tasowa. A ganinmu, sau da yawa daga akwatin zaɓe na cikin gida take fitowa.

Mu ɗauki Jamus a 2002. Shugaban gwamnati a lokacin shi ne Gerhard Schröder na jam'iyyar SPD. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, shi da bakinsa ya yi wa Amurka alkawarin cikakken goyon baya, har ya sa kujerarsa a kan layi a majalisa don a yarda a tura soja. Jamus kuwa ta kai sojanta Afganistan. Amma da zaɓen 22 ga Satumba 2002 ya matso, sai ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada. Ya yi alkawarin rage marasa aikin yi, ga shi sun kai wajen miliyan 4. Abokin takararsa Edmund Stoiber na 'yan mazan jiya, wato CDU da CSU, yana gaba.

Abu biyu suka cece shi. Ɗaya ambaliyar kogin Elbe a watan Agusta, inda ya sa takalmin roba ya shiga cikin mutanen da abin ya shafa. Na biyun shi ne Iraƙi. Shugaba George Bush yana shirin yaƙi da Saddam Hussein, Jamusawa kuwa, da abin da suka gani a yaƙin duniya na biyu, ba sa son jin maganar yaƙi. Schröder ya hau dandalin kamfe ya ce Jamus ba za ta shiga ba, ko da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da izini. Jama'a, ku lura da wurin da aka faɗi maganar nan. Ba a ɗakin shawara aka faɗa wa aboki ba, a gaban masu jefa ƙuri'a ne. Ana saura kwanaki kaɗan zaɓe kuma wata jarida ta ruwaito cewa ministar shari'arsa ta kwatanta dabarar Bush da ta Hitler. Ta musanta, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, ba ta koma kujerarta ba.

Aka yi zaɓe, SPD ta sami kashi 38.5 cikin ɗari, 'yan mazan jiya su ma 38.5. Ƙuri'a wajen 6,000 ce tsakaninsu a ƙasa mai mutum sama da miliyan 80. Ƙawayensa masu rajin kare muhalli, da kashi 8.6, su suka cika masa mudu. Bush bai aiko da gaisuwar murna yadda aka saba ba. Sakataren tsaronsa Donald Rumsfeld ya ƙi zama da takwaransa na Jamus a taron NATO a Warsaw, a Janairun 2003 kuma ya kira Jamus da Faransa tsohuwar Turai.

Mu dai ba mu ce Schröder bai yi gaskiya ba. Makaman da aka ce Saddam ya ɓoye, ba a same su ba. Amma gaskiyar ta zo daidai da bukatarsa ta ƙuri'a, shi ya sa ya ɗaga murya haka. Kuma duk da wannan hayaniya, jiragen sojan Amurka sun ci gaba da tashi daga sansanin Ramstein, ana kawo sojansu da suka ji rauni asibitin Landstuhl, duk a cikin Jamus. Mu 'yan kasuwa mun san irin wannan: a yi faɗa a bakin rumfa, lissafin bashi na nan yadda yake a littafi.

Kada a ɗauka Turawa ne kaɗai ke yi. A watan Maris na shekarar 2002 ɗin nan, Bush ya ɗora kuɗin fito har kashi 30 cikin ɗari a kan ƙarfen da ake shigowa da shi Amurka. Masana'antun ƙarfe suna jihohin Pennsylvania da Ohio da West Virginia, inda yake neman ƙuri'a. Tarayyar Turai ta kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta kuma shirya ramuwar gayya a kan kayan Amurka na sama da dala biliyan 2. Wayon da suka yi shi ne zaɓen kayan. Sun sa lemon Florida a ciki, jihar da Bush ya ci da ƙuri'a 537 kacal a 2000, kuma ƙanensa ne gwamna. Wato sun taɓa shi a inda ya fi jin zafi. Ƙungiyar ta yanke hukunci cewa Amurka ba ta da gaskiya, a Disambar 2003 Bush ya janye harajin, saura ƙasa da shekara ya sake tsayawa zaɓe.

Shi kuwa zumuncin Jamus da Amurka bai koma daidai sosai ba sai da aka canja gwamnati. Angela Merkel, tun tana 'yar adawa a Fabrairun 2003, ta rubuta a wata jaridar Amurka cewa ba da yawun duk Jamusawa Schröder yake magana ba, aka yi ta sukarta a gida. A Nuwamban 2005 ta hau kujerarsa, Bush ya karɓe ta hannu bibbiyu. Amma ita ma ba ta tura ko soja ɗaya yaƙin Iraƙi ba.

A nan za mu dakata.