Daura ko Baturiya? Kuɗin tafiya ɗaya gare mu

Kuɗin da matasanmu suka tara a nan Gumel tafiya ɗaya za su yi mana, shi ne gardama ta kaure: Daura ko Baturiya?

Masu son Daura suna da hujja, ga fadar sarki, ga rijiyar Kusugu. Ni dai Baturiya na zaɓa, can Kirikasamma. Kusugu ko baɗi za mu same ta. Tsuntsayen Turai kuwa hunturu kawai suke yi a fadamar, zafi na shigowa sun tashi. Fadamar ma tsukewa take yi tun da aka datse ruwa a Tiga da Challawa, ciyawar kacalla tana toshe magudanai. Wallahi yawancinmu ko kwalekwale ba mu taɓa hawa ba.

Ranar Asabar za mu kaɗa ƙuri'a.