Da Wane Harshe Za A Fara Wa Yaro Karatu?

 

Abin da wannan lacca za ta taɓa magana ce wadda ake ta gardama a kanta a Nijeriya, watau ran da aka kai yaro makarantar boko, da wane harshe ya kamata a fara masa karatu: da wanda ya tashi da shi a ɗakin uwarsa, ko kuwa da Ingilishi? Maganar ba ta manyan masana kaɗai ba ce. Duk wanda aka taɓa karanta masa sammaci ko takardar haraji ya san akwai tazara tsakanin jin magana da gane ta.

Ga yadda gardamar ta taso. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta fid da tsarin ilmi na ƙasa, ta ce a fara koyar da yara da harshen uwa, ko harshen da aka fi ji a wurin, sa'an nan a koma Ingilishi. Daga baya aka ƙayyade shekara uku na farkon firamare. A watan Nuwamba 2022, zamanin da Malam Adamu Adamu ke ministan ilmi, aka ƙara, aka ce shekara shida ɗin duka. Shekara uku bayan wannan, a watan Nuwamba 2025, ministan ilmi Dokta Tunji Alausa ya ba da sanarwa an soke, Ingilishi ne harshen koyarwa tun daga ajin farko. Hujjar da ya kafa kuwa ita ce yawan faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Wannan hujja tana son dubawa. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan dokar 2022 bai wuce aji uku ba sa'ad da aka soke ta, alhali kuwa jarrabawar WAEC sai an shekara 12 a makaranta ake zama a yi ta. Ashe ke nan waɗanda suka faɗi ba 'ya'yan wannan doka ba ne. Amma fa faɗuwar gaskiya ce, kuma tushenta yana ƙasa, can cikin ƙananan azuzuwa. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da ya ce. Wannan ita ce cutar. Gardamar harshe gardama ce kan magani.

Abin da karatu yake

Karatu aiki biyu ne a haɗe. Na farko, yaro ya san wannan baƙi ga sautinsa, ya haɗa baƙi da wasali su zama gaɓa, gaɓa da gaɓa su zama kalma. Na biyu, kalmar da ya furta ta kai shi ga ma'ana. Yaro ɗan shekara shida wanda ya tashi a Kazaure ko Gumel yakan zo makaranta da Hausa cike da bakinsa: ya iya tatsuniya, ya iya ciniki, ya iya kai ƙara wurin uwarsa. In aka nuna masa ba, be, bi, bo, bu, ya haɗa ba da ba ya ji baba ya fito, sai ka ga ya yi murmushi, don ya gamu da wanda ya sani a kan allo. Aiki ɗaya kaɗai ya rage masa, watau sanin baƙaƙe. Rubutun Hausa na boko kuwa mai sauƙi ne, kusan kowane harafi sauti ɗaya gare shi. Inda rubutun ya gaza, kamar gari na zama da gari na tuwo, waɗanda ake rubutawa iri ɗaya, ma'anar jimla ita ke raba gardama, yaro kuwa yana da ita.

In kuwa da Ingilishi aka fara masa, an ɗora masa kaya biyu a rana ɗaya: baƙin da bai sani ba, da harshen da bai ji ba. Ga shi Ingilishi harafi ɗaya sai ya yi sauti uku ko huɗu, wani ma a rubuta shi ba a furta shi. To, yaro ba wawa ba ne, sai ya nemi mafita, mafitar kuwa ita ce haddar aku. Malam ya faɗa, aji ya amsa da ƙarfi, mai wucewa ta bayan taga ya ce karatu ya kankama. A juya shafi zuwa inda ba a biya ba, sai aji ya yi tsit.

Ma'aikatan kotu sun san misalin wannan. In shaida ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, tilas a nemo tafinta. In an rubuta jawabinsa, sai an karanta masa da harshensa kafin ya dangwala yatsa. Ba alƙalin da zai gina hukunci bisa maganar da mai ita bai san abin da ya faɗa ba. Amma a makaranta kullum ana karɓar irin wannan shaida daga bakin yara, ana rubutawa a rajista wai sun iya.

Abin da magabata suka yi

Malaman ƙasar nan ba su jira Turawa ba kafin su gane haka. A makarantar allo, sunayen baƙaƙen Larabci ma da Hausa ake kiransu ga mai babbaƙu da farfaru. A makarantar ilmi kuwa, in ana karatun Ahalari ko Ishmawi ko Risala, malam yakan karanta Larabci ya fassara da Hausa gaɓa gaɓa, ba ya wucewa sai almajiri ya gane. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta littattafansa da Larabci, amma wa'azinsa da Fulatanci da Hausa ya yi shi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙin koyarwa da Hausa da Fulatanci, jajis suka riƙa kai wa matan ƙauye. Ba wanda ya ce wannan ya rage wa Larabci daraja, da shi ma aka hau zuwa gare shi.

Da boko ya zo, hanyar nan aka bi. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, da Hausa aka riƙa koyar da karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa. Daga baya tsari ya zauna: makarantar elementare ta En'e a ƙasar Hausa, shekara huɗu da Hausa, sa'an nan wanda aka zaɓa ya tafi Midil ta lardi, inda Ingilishi ke karɓar ragama. Daga Midil kuma sai Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. Ta wannan tsani Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya hau: ya gama Katsina a 1933, ya koyar a Midil ta Bauci, ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, ya kuma tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 ya yi jawabi da Ingilishin da har yau ake misali da shi. Hausar farko ba ta toshe masa baki ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amma kada a ɗauka harshe kaɗai ya yi wannan aiki. Mutanen wancan zamani sun lura yaron da ya iya karatu ba shi da abin karantawa, karatunsa yakan zube. Don haka aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Dokta East. A 1933 aka sa gasar ƙaga labari, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam da Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Magana Jari Ce ta biyo baya, a watan Janairu 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita. Ga littafi a hannun yaro, ga malamin da aka horar, ga mai duba makarantu yana zagayawa. Ƙafafun murhu uku ke nan, tukunya ba ta zama bisa biyu.

Gaskiya kuma ita ce makarantun En'e ba su da yawa, yaran da ke ciki 'yan kaɗan ne, 'yan mata kuwa sun fi ƙaranci. Kula da aji mai yaro 30 daban yake da kula da aji mai yaro 100. Tun da aka buɗe ƙofa ga kowa da shirin UPE a 1976, yara suka yi yawa, malamai da littattafai ba su bi sawu ba. Wanda ya ce a koma yadda ake yi dā, sai ya faɗi inda za a samo waɗannan.

Gwajin da aka yi

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka jarraba ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji. Aka koyar da wasu yara dukan darussa da Yarabanci shekara shida, Ingilishi kuwa darasi ne mai zaman kansa a hannun malamin da ya ƙware. Wasu yaran aka bar su kan tsohon tsari. Da aka auna, 'yan Yarabanci ba su gaza ba, a darussa da dama ma sun fi, har Ingilishin nasu bai faɗi ƙasa da na sauran ba. A Jamhuriyar Nijar ma an buɗe makarantar gwaji ta irin wannan a Damagaram a 1973, aka fara da Hausa kafin Faransanci. A shekarun baya kuma an raba littattafan Mu Karanta a firamaren jihohin Bauci da Sakkwato, don koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa. Darasin da ke cikin waɗannan duka guda ne: inda aka tanadi littafi aka horar da malami, farawa da harshen gida yakan yi amfani, inda aka tsaya ga sanarwa, ba abin da ke sakewa a aji.

Masu goyon bayan Ingilishi su ma suna da abin faɗa, bai kamata a toshe kunne ba. Nijeriya tana da harsuna fiye da 500. A Arewa kaɗai ga Barebari, ga Fulani, ga Nufawa, ga Tibi, ga mutanen Filato da kudancin Kaduna. A ce Hausa ce harshen uwar kowa, an yi zalunci. A birane aji ɗaya yakan tara yara masu harshe biyar. Malami kuma akan tura shi inda ba ya jin harshen garin. Ga shi jarrabawa da neman aiki da Ingilishi ake yi, shi ya sa uba talaka yake tsoron kada a tsare ɗansa a Hausa, 'ya'yan masu hali suna can makarantar kuɗi suna Turanci. Tsoron nan yana da dalili. Amsarsa ita ce a koyar da Ingilishi sosai tun daga aji ɗaya, da baki, kowace rana, a hannun wanda ya iya shi, amma mabuɗin karatu a fara sa shi a ƙofar da yaro ya sani.

Abin da ke hannun masu sarauta da ma'aikata

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 makarantu sun fita daga hannun En'e, doka kuwa ta gwamnati ce, ba hakimin da zai sake ta. Amma ido da baki suna nan, dagaci ko mai unguwa kuma yakan zauna cikin kwamitin kula da makarantar garinsu. Ga abu huɗu da ba su bukatar izini daga Abuja.

Na ɗaya, in hakimi ya kai ziyara makaranta, kada ya tsaya ga waƙar maraba da amsa-amo. Ya kira yaro ɗan aji uku, ba wanda hedimasta ya zaɓa ba, ya buɗe masa shafin da ba a biya ba, ya ce ya karanta layi biyar, sa'an nan ya tambaye shi da Hausa me labarin ya ce. Ya yi wa yara goma haka, maza da mata, ya rubuta nawa suka iya. Bayan wata shida ya komo ya sake.

Na biyu, a ƙirga littattafai da yara. In littafi ɗaya ne ga yaro goma, ko kuwa suna kulle cikin kabad don kada su tsufa, a rubuta wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, a ajiye kwafe, a bi sawu kamar yadda ake bin takardar ƙara.

Na uku, a ƙarfafa wa malami gwiwa ya yi bayani da harshen da yara ke ji duk inda ya ga sun ɓata. Malamin da ya fassara don a gane bai yi abin kunya ba, sunnar malaman zaure ya bi.

Na huɗu, karatu ya shiga gida. Yaron da ya fara haɗa baƙi a sa shi ya karanta wa kakarsa wasiƙa, ko takardar asibiti, ko labari daga littafin Hausa bayan sallar isha'i. Attajirin da ke neman abin sadaka, akwatin littattafai a zauren mai unguwa bai kai kuɗin rago biyu ba.

Gwamnati takan sake doka, minista ya zo minista ya tafi, amma yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba da wuya ya cim ma tsaransa, don daga nan kowane darasi a kan karatu yake tsaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aikatan En'e na dā an san su da riƙon rajista: ba a ce an tara haraji sai an ƙirga, ba a ce an yi shari'a sai an rubuta. Abin da ake roƙo ga magadansu shi ne kada su yarda an ce yaro ya yi karatu sai sun ji da kunnensu ya gane.