Kafin a ce maka "sai an yi format", karanta lambar da ta fito

 

Makon jiya wani ƙanenmu ya zo mini da kwamfutarsa, ransa a ɓace. Ɗan Yebi ne, iyayensa sun baro garin tun hare-haren 2016, yanzu yana karatu nan Diffa. Wata manhaja yake son sakawa don aikin kundinsa na ƙarshen karatu. Duk lokacin da ya gwada, sai ta kai rabi ta tsaya, ta fito da lamba 1603. Ya kai ta wurin mai gyara, aka ce ya kawo jaka biyar a yi mata format. To a cikinta akwai aikinsa na shekara guda, da hotunan takardun haihuwar ƙannensa, waɗanda na asalin suka salwanta a hanyar gudu. Ba shi da kwafinsu ko'ina.

Shi ya sa yau nake son mu yi maganar rajistar Windows.

Ku ɗauke ta kamar babban kundin ofishin magajin gari. Tun 1992, zamanin Windows 3.1, take cikin tsarin. Manhaja in ta shigo, sai ta rubuta sunanta a ciki, da inda ta sauka, da lambar sigarta. In za ta fita ta hanyar da ta dace, sai ta share sunan. Matsala tana zuwa in aka ɗauke wuta ana tsakiyar sakawa, baturi kuma ya mutu, ko in mutum ya goge jakar manhajar da hannu maimakon ya cire ta daga Panneau de configuration. Sai ya zama mutum ya bar gari, amma sunansa na nan cikin kundi. Sabuwar manhaja ta zo, ta duba, ta ga an ce akwai ta, ko ta tarar da layin a kulle, sai ta ja da baya.

Lambar da ke fitowa ita ce bayanin ciwon. Ku rubuta ta kafin ku danna OK. In 1618 ce, wani aikin sakawa ne ke gudana a ɓoye, sau da yawa sabuntawar Windows. Ku jira, ko ku kashe ku kunna. In 1402 ce ko 1406, an hana manhajar buɗe wani layi na rajista ko yin rubutu a cikinsa, wato batun izini ne. Ita 1603 kuwa ta gama-gari ce: tana iya zama ragowar tsohuwar siga, ko rashin izini, ko wuri ya cika.

To me za a yi? Da farko, kwashe fayilolinka zuwa kile USB ko wani faifai na waje. Kar ka taɓa komai kafin wannan. Sannan ka kashe kwamfutar ka kunna, don akwai ayyukan da Windows ke ajiyewa sai ta sake tashi take kammala su. Ka duba ko akwai sauran wuri a faifan C. Ka danna fayil ɗin sakawar da maɓallin dama, ka zaɓi Exécuter en tant qu'administrateur. In ta ƙi, ka nemi tsohuwar sigar a jerin manhajoji ka cire ta. Microsoft ma sun taɓa fitar da ƙaramin kayan gyara na kyauta a shafinsu, wanda aka yi don irin wannan ragowar. Kana iya kuma buɗe cmd da izinin administrateur ka rubuta sfc /scannow, ta binciki fayilolin tsarin da suka lalace.

Sai duk wannan ya gagara ake shiga regedit. Ku saurare ni da kyau a nan: a cikin regedit babu "koma baya". Abin da ka goge ya tafi. Don haka da ka buɗe, danna Fichier, sannan Exporter, ka ajiye kwafi. Daga nan ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SOFTWARE, Microsoft, Windows, CurrentVersion, Uninstall. Ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya, kana duba DisplayName, har ka ga sunan manhajar da ke ba ka wahala. Shi kaɗai za ka cire. In ba ka tabbata ba, ka rufe, ka nemi wanda ya sani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abu biyu zan ja kunnenku a kai. Manhajojin nan da ke alkawarin "wanke rajista" da dannawa ɗaya, Microsoft da kansu sun ce ba sa goyon bayan amfani da su. Haka kuma manhajar da aka fasa, da muke karɓa daga kile zuwa kile, sau da yawa ita ke shigo da ƙwayar cutar da ke dagula komai. Wani lokaci ma ba laifin rajista ba ne: Windows 7 an daina kula da ita tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tun 14 ga Oktoban 2025, sabbin manhajoji da dama ba sa yarda su zauna a tsohon gida.

Shi ƙanen namu, ragowar tsohuwar siga ce ta tare masa hanya. An ɗauke wuta ranar da ya fara sakawa. Mun kwashe takardun ƙannensa zuwa wuri biyu, muka cire layi guda, manhajar ta shiga. Jakarsa biyar ta koma aljihu.

Ba ina cewa masu gyara ba su da amfani ba ne, akwai ranar da format ce kaɗai mafita. Amma kafin ka miƙa injinka, ka san abin da ke ciki, ka san lambar da ta fito, kuma ka tambayi mai gyaran me ya gwada tukuna. Mai ƙungiyar manoman tattasai da lissafin buhunansa ke ciki, da ɗalibar da kundinta ke ciki, duk maganar ɗaya ce.

Yau da dare, kowa ya yi kwafin takardunsa. Kuma kar ku fara saka manhaja sai baturi ya cika.