Awa 72 da jikka 25: wa zai karanta wa iyayenmu takardar?

Ƴan uwana matasa, maza da mata, na cikin gari da waɗanda suka taso tun daga Tibiri da Jiratawa, sannunku da zuwa. Zafi ya yi yawa, ba zan ja ku da nisa ba.

An ce in yi magana kan gwajin korona ga masu fita ƙasar waje ta jirgin sama. Na san wani zai ce, mu da ko Yamai sai mu shekara ba mu leƙa ba, mi ya haɗa mu da jirgi? To, hajjin 2022 ya haɗa mu. A 2020 da 2021 babu maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga Nijar, don Saudiyya ta taƙaita aikin ga mazauna ƙasarta. A watan Afrilun 2022 ta ce za ta karɓi mutum miliyan ɗaya, amma da sharaɗi ukku: kada shekarunka su kai 65, ka yi allurar rigakafi, kuma ka zo da takardar gwajin PCR da aka yi cikin awa 72 kafin tashi. Masu tafiyar nan iyayenmu ne. Wani shanu ya saida, wata adashin shekaru ta kwashe, wani kuɗin zogalen fadamar Jiratawa ya yi ta tarawa. Dokar kuwa an rubuta ta da Larabci da Turanci da Faransanci, an liƙa a intanet. Su ba su gani, mu muna gani.

Ku ji inda ruɗanin yake farawa. A watan Maris na 2022 Saudiyya ta ɗage gwajin PCR ga sauran masu shiga ƙasar, labari ya bazu a WhatsApp cewa gwaji ya ƙare. Wata ɗaya bayan nan ta ce alhazai kam sai da shi. Duk labarun biyu gaskiya ne, amma wanda ya riƙe na farko kaɗai, a bakin jirgi zai ji na biyu.

Bari in warware muku yadda abin yake aiki a 2022, don ku iya warware wa wani.

Na farko, gwaji iri biyu ne. Akwai na nan take, mai fitowa cikin mintoci, akwai PCR wanda sai an kai ɗakin bincike. In an ce PCR, na nan take ba ya tsaya masa. Kuma sai daga cibiyar da hukuma ta amince da ita, kamar CERMES ta Yamai.

Na biyu, agogo. Yawanci awa 72 ɗin nan daga lokacin da aka sa maka tsinke a hanci suke fara ƙirguwa, ba daga lokacin da ka karɓi takarda ba. Tsakanin Maraɗi da Yamai ya fi kilomita 600, yini guda cur a mota. Ga jiran sakamako. In ka yi da wuri, takarda ta mutu kafin jirgi. In ka yi a makare, jirgi ya tashi kafin takarda. Bara na raka wani kawuna ɗan kasuwa: ya yi komai daidai, sai aka ɗaga tashin jirginsu da kwana guda. Takarda ta mutu a aljihunsa. Ya sake biya, ya sake jira, ba wanda ya ce masa ko sannu.

Na ukku, inda za a yada zango. Mai zuwa Dubai ko Cana daga Yamai sau da yawa sai ya bi ta Adis Ababa ko Istambul ko Kasabalanka. Ƙasar da za ka tana da dokarta, wadda za ka ratsa tana iya samun tata, kamfanin jirgi ma yana da abin da yake dubawa. Ƴan kasuwarmu masu tashi ta Kano sun ɗanɗana: a watan Disamban 2021, da nau'in Omicron ya ɓulla, Saudiyya ta dakatar da jirage daga Najeriya, Ingila ma ta rufe ƙofa. Doka tana iya canzawa kana cikin mota.

Na huɗu, suna. Wannan shi ya fi ba ni tsoro. Mu nan mutum guda Mahamadou ne a fasfo, Mamane a katin allura, Mohamed a takardar gwaji. Tsofaffinmu da yawa an rubuta musu ranar haihuwa da ƙiyasi. Ma'aikacin da ke bakin jirgi bai san Baba ba, haruffa yake dubawa. Kafin ku bar wurin gwaji, ku ajiye takardar kusa da fasfo, ku bi ta baƙi bayan baƙi, lamba bayan lamba.

Na biyar, walimar bankwana. Mutum yana iya ɗaukar cutar bai ji komai ba, kuma PCR yana iya ci gaba da nuna ta makonni bayan an warke. Mai shirin tafiya ya rage shiga cunkoso a makonni biyun ƙarshe. Ku lallashi dangi, gaisuwa tana yiwuwa daga nesa. Biki sai an dawo.

Yanzu maganar kuɗi. Da aka sake buɗe filayen jirgi ranar 1 ga Agustan 2020, jikka 30 ake biya. A lokacin, mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 30 ne da ƴan canji. Wato wata guda na gumin lebura, a takardar da ke mutuwa cikin kwana ukku. A 2021 shugabannin UEMOA suka daidaita farashi a jikka 25 ga matafiyan jirgi. Duk wanda ya ce wa tsohonka ya ƙaro wani abu don a yi masa sauri, ka tambaye shi takardar shaidar biya.

Akwai kuma masu raɗa cewa za su samo takarda ba tare da gwaji ba. Dan Allah ku hana. Takardu da yawa yanzu ana iya tantance su da waya cikin daƙiƙa. In an kama, ba dillali za a tsare ba, tsohuwarka ce za ta tsaya tana kallon jirgi. In ma ba a kama ba, an sa mai cuta cikin ɗaruruwan tsofaffi na tsawon awoyi, a hanyar ibada.

Ni ba na faɗa da gwaji. Abin da nake faɗa da shi shi ne a kafa doka, a bar talaka ya gano ta da aljihunsa. Don haka ga abin da muke nema daga ma'aikatar lafiya da hukumar COHO da kamfanonin jigilar alhazai. A karanta sharuɗɗan da Hausa a gidajen rediyon Maraɗi, a sake karantawa duk lokacin da suka canza. A liƙa farashi da sunayen cibiyoyin da aka amince da su a inda kowa zai gani. A faɗa wa maniyyaci tun yana gida ranar gwajinsa da wurin gwajinsa. Kuma in jirgi ya yi latti takarda ta mutu, wanda ya jawo lattin ya biya gwaji na biyu. Za mu rubuta waɗannan, mu kai, mu kuma koma mu tambayi amsa.

Kafin amsar ta zo, ga namu aikin. Kowa a nan ya san maniyyaci ɗaya a unguwarsu. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba, a nuna mini fasfo da katin allura. Ke ma ki shiga wajen Inna. Ku duba suna, ku duba shekaru, ku ƙirga awoyi tare da su, ku ba su lambar wayarku. Bokon da suka sa mu, ga ranar amfaninsa.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya.