Jawabi a Walimar Malaman da Suka Cika Shekara Sittin



An nemi in yi magana a kan cika shekara sittin, alhali ni kaina ban san ranar da aka haife ni ba. Abin da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta faɗa mini shi ne na zo duniya da kaka, shekara guda kafin Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna. Sarauniya ta zo a 1956, saboda haka na kai saba'in ke nan. Amma a fayil ɗina an rubuta 1 ga Janairu, kuma na san in na ce masu irin wannan rana su ɗaga hannu, rabin zauren nan zai ɗaga. A zamaninmu hedimasta ba ya tambayar takardar haihuwa. Cewa yake yaro ya ɗora hannu bisa ka ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. In ya taɓo, ya isa shiga aji ɗaya.

Saboda haka bikin ranar haihuwa baƙon abu ne a wurinmu, jikokinmu ne suka zo da shi. Amma lissafin shekaru ba baƙo ba ne. Mun san darajar arba'in, shekarun da aka aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shi kuwa malamin gwamnati, sittin ce lambar da ya daɗe yana hange da fargaba, domin ita ce ƙofar fita: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta mayar da su 65 da 40, ko da yake ba lokaci ɗaya jihohi suka karɓe ta ba. Ga wanda dokar ta shafa, an ƙara masa shekara biyar. Tambayata gare ku ita ce, da wace irin zuciya za ku shiga aji a cikin shekarun nan?

Na kama aiki a 1976, shekarar da aka buɗe shirin UPE, na ajiye alli a 2011. Wata shidan farko na ritaya su ne mafi tsufan da na taɓa yi. Garatuti bai fito ba, wannan kun san labarinsa. Amma ba rashin kuɗi ne ya fi karya ni ba. Da ƙarfe bakwai na safe sai in ji jikina ya shirya, babu wurin zuwa. Ba mai gaishe ni da "ina kwana, Malam" cikin murya arba'in a haɗe. Na zauna a dakali ina ƙirga waɗanda suka rasu cikin abokan karatuna, kowace hira kuma sai ta koma kan lalacewar yaran zamani. Ku kula da wannan hirar. Duk malamin da ta zama abincinsa ya tsufa, ko da shekararsa talatin.

Wadda ta tashe ni daga dakalin jikata ce, tana shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Ta kawo mini tambayar lissafi a waya. Lissafin na sani, wayar ce ta gagare ni. Na ce mata na tsufa da wannan abu. Sai ta ce, "Kaka, ba kai kake ce mana gemu ba ya hana ilimi ba?" Kunya ta kama ni. Muka yi yarjejeniya: ni in koya mata lissafi, ita ta koya mini waya. Ta daka mini tsawa ya fi sau goma, yadda nake yi wa ɗalibai, kuma a nan na tuna abin da shekara talatin da biyar na tsayuwa gaban allo suka mantar da ni, wato yadda zuciyar ɗalibi take bugawa idan bai gane ba kuma yana tsoron tambaya.

Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, amma mun mayar da karin maganar nan garkuwa. Akwai abin da yaron yake gani daga kan rimin wanda babba a ƙasa ba ya gani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da shekara kusan hamsin ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma bai bar rubutu ba bayan nan. 'Yarsa Nana Asma'u ta haura saba'in, kuma ba ta daina karantar da mata ta hannun jajis ɗinta ba. Ba su ɗauki furfura a matsayin takardar sallama ba.

Ban ce ku rina gemu ko ku yi gasar tsalle da ɗalibai ba. Gwiwa ta san shekarunta. Ku riƙa auna hawan jini da sukari, ku sayi tabarau in ido ya nema, kada girman kai ya sa ku karanta rajista da lalube. Kuma ku fara tattara takardunku tun yanzu, takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe, don na ga abin da ɓatan takarda ɗaya ya jawo wa mutane.

Ina da roƙo ɗaya ga shugabannin reshe. A ware yammacin Asabar ɗaya a wata, sababbin malamai su zauna da tsofaffi, mu nuna musu yadda ake riƙe aji mai yara tamanin, su kuma su nuna mana kwamfuta. Na riga na ba sakatare sunana, a layin ɗalibai.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Wassalamu alaikum.