Ƙofofin Shiga Aikin Soja ga Ɗaliban Sakandare



A ƙauyukan ƙasar Ƙaraye da Rogo, kamar Kafin Dafga, har yau akwai iyayen da ke ɗaukar aikin soja a matsayin makomar yaron da boko ya gagara. Wannan ra'ayi ya tsufa. Aikin soja yana da ƙofa biyu, kuma abin da ɗalibi ya yi a ajin sakandare shi ne ke zaɓa masa wadda zai bi.

Ƙofa ta farko ita ce ta kurata. Tun 1924 ake horar da su a Zariya, watau nan kusa da Rogo. Bayan 'yan watanni kurtu zai fito ƙaramin soja, ya riƙa samun igiya sannu a hankali. Ƙofa ta biyu ita ce ta hafsoshi, masu sa anini, waɗanda ragamar rundunoni ke hannunsu. A da, sai an kai mutum Teshi a ƙasar Gana, ko Ingila, kafin ya zama hafsa. Marigayi Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano, daga Kwalejin Barewa ya shiga soja, ya yi horo a Sandhurst, ya fito hafsa a 1961. A 1964 aka kafa Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, a 1985 kuma ta fara karatun digiri. Ɗalibin sojan ƙasa yakan yi shekara biyar, huɗu na karatu, ɗaya ta horo zalla, ya fito da digiri da muƙamin Laftana na biyu. Tun 2011 aka fara ɗaukar mata a wannan kwas. Yaron da ya gama firamare kuwa, akwai Makarantar Sakandaren Soja ta Zariya, wadda aka buɗe a 1954.

To, me ake nema? Sakamako mai kyau a darussa biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, da cin jarrabawar shiga jami'a, da cika sharaɗin shekaru, da cikakkiyar lafiya. A nan ne gizo ke saƙar. A 1961 gwamnatin tarayya, lokacin da Alhaji Muhammadu Ribaɗu ke ministan tsaro, ta keɓe wa Arewa rabin guraben hafsoshi. A yau kowace jiha tana da nata kaso. Amma kaso gurbi kawai yake ajiye wa Jihar Kano, ba ya cin jarrabawa a madadin kowa. Muddin makarantar ƙauye ba ta da malamin Lissafi, 'ya'yan birni ne za su cike guraben, ɗan ƙauye kuwa ya tsaya a ƙofar kurata ko da ya fi su basira.

Wajibi ne kuma a faɗa wa ɗalibai gaskiya: kaki ba rigar ado ba ce. Tun 2009 rayukan sojoji masu yawa, hafsoshi da ƙanana, suka salwanta a yaƙin Arewa maso Gabas. Wanda albashi kaɗai ya kawo shi, gara ya nemi wata sana'a.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan ma'aikatan ilimi da shugabannin makarantu, su kai malaman Turanci da Lissafi karkara, su kuma sanar da ɗalibai lokacin cike takardu tun kafin a rufe. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya yi mana jagora. Wassalam.